Jirgin faiba ya tsage, kamfani ya ce garanti bai ɗauka ba

"Assalamu alaikum Mu'allim. Ni a Jidda nake, ina tuƙa jirgin kawuna, ɗan tarrad ne, wato ƙaramin jirgin ruwa mai inji, na faiba (zaren gilashi) ƙafa 28, da shi muke fita kamun kifi daga gaɓar Abhur, wani lokaci kuma mukan ɗauki masu son fita shaƙatawa. Sabo aka saye shi a wani kamfani na nan cikin ƙasa, wata 14 kenan. Yanzu ya tsage ta ƙasa wajen baya, ruwa na shiga har famfo baya hutawa, ga wasu ƙuraje sun feso masa a ƙasan jiki. Takarda ta ce garantin jiki shekara 5 ne, amma da muka kai musu mudir ɗin, wato manajansu, leƙawa kawai yayi ya ce mun hau sha'ab ne, wato dutsen murjani na cikin teku, garanti bai ɗauki wannan ba, mu biya su gyara. Wallahi ban taɓa hawa komai da shi ba. Wani mai warsha, wato shagon gyara, ya ce in kawo ya liƙe min cikin kwana biyu. In kai masa ne ko in tsaya rigima da kamfani?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita. In na fahimce ka, abu biyu ne ya haɗe maka: kana so jirgi ya koma ruwa da wuri saboda da shi ake cefane, kuma baka so ku biya kuɗin ɓarnar da kake ganin ba ku kuka yi ba. Toh amsar farko tun kafin a je ko'ina ita ce kar ka kai wa mai warshan nan yanzu. Ba wai bai iya aiki bane, ni ma aikin da nake ci da shi kenan. Amma ranar da ya ɗora saruk, injin gurza, a kan tsagar nan ya goge ta, ya goge shaidarka kenan gaba ɗaya, kuma ka miƙa wa kamfani hujja a ɓagas, domin kusan duk takardar garantin da ta taɓa shigowa hannuna akwai layin da ya ce in wani ya taɓa jikin jirgi ba da izininsu ba garanti ya faɗi. Rantsuwarka cewa baka hau komai ba ni na yarda da ita, amma ba ita za ta raba gardama ba. Tsagar ce da kanta za ta faɗi abin da ya same ta, in an bar ta yadda take.

Na biyu, fitar da shi daga ruwa. Jirgin da famfo baya hutawa ba jirgin ɗaukar mutane bane, batir ya mutu maka a nesa da gaɓa shikenan. Ga shi kuma duk fitar da ka ƙara yi tsagar na ƙara buɗewa, gobe su ce ai kun ci gaba da aiki da shi bayan kun ga matsala, ku kuka ƙarasa shi.

Yadda ake gane wa ke da laifi

Jikin faiba hawa-hawa ne. Na waje mai sheƙin nan shine jelkot, kaurinsa wajen rabin milimita ne kawai, ado ne da kariya, ba shi ke riƙe jirgi ba. Bayansa sai a yi ta shimfiɗa zaren gilashi ana jiƙa shi da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri, ana murje shi da rola har ya yi kaurin da ake so, sannan daga ciki a kafa ƙasusuwa, masu tsawo daga gaba zuwa baya da masu gicciye, a ɗaure su da jikin jirgin da wani faiban. A can baya kuma ga bangon da ake rataye inji, wanda a jirage da yawa katakon filawud ne a tsakiyarsa aka lulluɓe da faiba. Duk tsagar da za ka gani ko dai daga waje aka buge ta zuwa ciki, ko kuma daga ciki wani abu ya saki ta fito waje. Rigimarku gaba ɗaya a nan take.

In sha'ab aka hau, baya ɓuya. Murjani kaifi gare shi, zaka ga jan layi dogo daga gaba zuwa baya yadda jirgi ke tafiya, fenti ya ɗaye, jelkot ya ɓalle, wurin da ya daku ya yi tsaga kamar tauraro daga tsakiya tana watsuwa, wani lokaci har ɓurɓushin farin dutsen zaka samu maƙale a cikin ramin. Kuma ka duba ƙafar inji da farfela. Su ne suka fi komai nitsewa a bayan jirgi, da wuya jiki ya bugi sha'ab a wajen baya har ya fashe amma farfela ta fito sumul ko lanƙwasa babu, fiffiken ƙasan ƙafar ma bai kwarzane ba. Wannan tambayar ita zaka fara yi wa mudir ɗin, cikin ladabi, a gaban jirgin.

In kuma daga ciki ne, tsagar takan zo miƙe, tana bin layin ƙashin da ke bayanta, ko ta fito a kusurwar da bangon baya ya haɗu da ƙasa, kuma fentin gefenta lafiya lau ba kwarzane. Abin da ke faruwa shine ɗaurin ƙashin ya saki, sai cikin jirgi ya riƙa lotsawa yana dawowa duk bugun igiyar ruwa, har ya gaji ya tsage a inda ya haɗu da wuri mai tauri. Ka samu kwabo ko ƙaramar guduma ka bi wurin kana ƙwanƙwasawa a hankali, inda yake lafiya zaka ji ƙara ƙwas ƙwas mai kaifi, inda hawa ya rabu da hawa zaka ji ta bif bif kamar ka bugi kwali. Ka zagaye wurin da alƙalamin maka, ka ɗauki bidiyo da sauti.

An taɓa kawo min wani daga wajen garin Rabig, shi ma haka aka ce masa ya hau dutse. Da aka yanke ɗan murabba'i a daɓen jirgin a gaban wakilin kamfanin na zura hannu, ɗaurin ƙashin kawai ya biyo yatsuna ya ɗago, ƙasansa fari fat, zaren gilashi bushe kamar auduga, rezin bai taɓa shigarsa ba tun ranar da aka ƙera shi, ga fuskar da aka liƙa shi a kai tana sheƙi alamar ko goge ta ba a yi ba kafin a ɗora. Babu dutsen da ke shiga cikin jirgi ya busar da zare. Wakilin ya kalla ya ciro waya ya kira maigidansa, magana ta ƙare a wurin. Irin wannan yana faruwa a nan sosai saboda zafi. Rezin ɗin foliyesta ana zuba masa munashif, maganin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, in yaro ya cika hannu a tsakiyar zafin watan Agusta sai ya daskare masa a bokiti kafin ya gama murzawa, shi kuma ba zai zubar ba tunda za a yanke masa albashi, sai ya shafa haka nan ya rufe da daɓe, wa zai gani.

Amma fa in gaya maka gaskiya na ga akasin haka ma. Wani bawan Allah ya yi ta rantsuwa bai hau komai ba kuma gaskiyarsa ne shi bai hau ba, yaronsa ne ya fita da jirgin da daddare ya dawo ya yi shiru, mu kuma muka tsinci farin murjani a cikin kwarzanen. Don haka ka tambayi kanka ko kai kaɗai ke riƙe makulli. Ka kuma duba galas ɗin, wato tirelar da kuke jan jirgin da ita, rola guda in ta karye ko ta fi sauran tsayi tana iya danna wuri ɗaya ta fasa shi a kan hanya, kuma wannan ba laifin kamfani bane sai dai in su suka haɗa muku galas ɗin suka daidaita shi. Sai maganar inji: akwai ƙarfin doki da kamfani ya ƙayyade wa kowane jiki, in an ce 250 kuka rataya 300 don a riga kowa isa wurin kifin najil, toh kar ma ku fara rigimar, kun faɗi.

Su kuwa ƙurajen nan, ruwa ne ke ratsa jelkot a hankali ya samu ɗan gurbi ko rezin da bai nuna ba ya taru a ciki ya kumbura. In ka huda ɗaya zaka ji wari kamar na kal, wato binega, ka kiyaye idonka don yakan yi tsartuwa. Ruwanmu na Bahar Maliya ɗumi gare shi kusan duk shekara, ɗumi kuwa na hanzarta abin, musamman jirgin da ke kwana a marsa, wurin ɗaure jirage a kan ruwa, ba a ɗaga shi. Yawancin kamfanoni suna cire ƙuraje da tsagar jelkot daga garanti ko su ba su ɗan gajeren lokaci, don haka kar ka ɗora ƙararka a kansu. Amfaninsu a wurinka shine ƙarin shaida: jirgi ɗan wata 14 ya feso da ƙuraje, akwai alamar tambaya a kan yadda aka yi aikin faibansa.

Takarda

A nan ne mutanenmu ke faɗuwa wallahi. An saba da ciniki na amana, an sha shayi an yi musafaha, an ce maka "mafi mushkila", ba matsala, in wani abu ya faru ka dawo. Ranar da abin ya faru sai ka tarar wanda ya faɗa maka hakan ya bar aiki.

Ka ɗauko takardar garantin ka sa wanda ya iya Larabcin takarda ya karanta maka layi-layi, ba kan takardar kawai ba. Shekara 5 ɗin me ta rufe? Sau da yawa ginin jiki ne kaɗai, watau ƙasusuwa da bangon baya da rabuwar faiba. Sannan ka nemo inda aka yi maganar amfani na kasuwanci, don ka ce kuna ɗaukar masu shaƙatawa kuna kuma kamun kifi, akwai garantin da ke raguwa ko ya faɗi gaba ɗaya in jirgi na haya ne ko na sana'a. In kamfanin ya san na sana'a ne lokacin saye, misali an rubuta a fatura, wato rasidin saye, ko a takardun rajista da suka taimaka aka yi, wannan ya taimake ka. Ka duba kuma ko an ce dole a sanar da su cikin kwana kaza da ganin matsala, da wanda zai biya kuɗin ɗaga jirgi da kai shi masana'anta. Shi inji garantinsa daban ne, yana wurin wakilin Yamaha ko Suzuki ko duk wanda kuka ɗora, kar ka haɗa su.

Dalilin da ya sa takardar nan ta zama komai a wurinka shine, dokar mu'amalar jama'a da Saudiyya ta fitar a 2023, Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, ta tabbatar da abin da muka sani tun a zaure na haƙƙin mai saye in ya tarar da aibi ɓoyayye, amma ta sa masa iyaka: bayan kwana 180 da karɓar kaya ba a sauraron ƙarar aibi, sai in mai sayarwa ya ɗauki alkawarin lokaci mai tsawo, ko kuma an tabbatar ya ɓoye aibin da ha'inci. Ku kun wuce kwana 180 tuntuni. Abin da ya rage muku shine alkawarin shekara 5 ɗin da suka rubuta da hannunsu. Ka adana asalin takardar da faturar da ke da lambar harajin kamfanin, hoto kawai zaka riƙa bayarwa.

Wani abu kuma: jirgin da sunan kawunka yake, saboda haka shine mai haƙƙi. Kai in ka je kana ta faɗa suna iya ce maka kai waye. Ko dai Kawu ya riƙa zuwa da kansa, ko ya yi maka wakala, takardar wakilci, ta Najiz, dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a, abu ne mai sauƙi ta waya.

Yadda zaka bi su

Ka daina zuwa da baki. Ku rubuta musu saƙo gajere da Larabci, ta imel da kuma WhatsApp na kamfani ba na mai talla ba: lambar jirgi, ranar saye, ranar da aka ga tsaga, hotuna daga nesa da kusa da ma'auni a gefe don a ga tsawonta, hoton farfela da ƙafar inji, sannan ku ce kuna neman gyara a ƙarƙashin garanti, in kuma sun ƙi su rubuto dalilinsu da sa hannun injiniyansu. Kar ka saka zagi, kar ka saka wa'azi. Mutumin da ya ce sha'ab ne da baki bayan leƙe na minti biyu yakan yi nauyin hannu in aka ce ya rubuta ya buga hatimi. In kana da na'urar GPS irin Garmin ko makamancinta ka kwafe layin tafiye-tafiyenka kafin ya goge kansa, haka ma izinin fita na Haras Hudud, masu tsaron iyaka, da kuke cirowa ta dandalinsu na Zawil, duk suna nuna ranakun da aka fita.

Daga nan sai ku ɗauko mai binciken jirgi mai zaman kansa, mu'ayin bahri, irin waɗanda kamfanonin inshora ke aiki da su. Ba ni ba, ba mai warshan can ba, domin duk wanda zai ci kuɗin gyaran shaidarsa bata da nauyi. Zai auna danshi da na'ura, ya ƙwanƙwasa, ya rubuta rahoto mai hoto. In sai an buɗe daɓe, ku gayyaci kamfani a rubuce su turo wakili, ku sa rana, in basu zo ba ku ɗauki bidiyo tun daga yankan farko kuma ku ajiye guntun da aka yanke. Za ku biya kuɗi, amma rahoton nan ko ta ina ya faɗi yana da amfani: in ya ce aibin ƙira ne kun riƙe kamfani, in ya ce bugu ne kuma kuna da inshora kun riƙe inshora. Abin da bana so shine ku tsaya a tsakiya, kamfani na cewa bugu ne inshora na cewa ƙira ce.

In sun ga rahoto suka ci gaba da ce muku "bukra insha Allah", wato sai gobe, sai ku kai ƙorafi Ma'aikatar Kasuwanci, ta lamba 1900 ko manhajar Balag Tijari, ku ɗora takardun duka. Ko bata yanke hukunci a kan musun injiniyoyi ba, kira daga ma'aikata yana sa kamfani ya zauna teburi. Bayanta akwai sulhu ta Taradi, dandalin sasanci na Ma'aikatar Shari'a, sannan kotu ta Najiz, inda alƙali kan naɗa nasa masanin ya duba. In abin ya kai nan ka nemi lauya, ni mai faiba ne, iyakata in gaya maka abin da tsaga ke nufi. Kuma duk abin da na faɗa a sama daga bayaninka ne, jirgin ban sa masa hannu ba.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, kar zafin rai ya sa ka hau TikTok ko Snap ka kama sunan kamfani kana cewa ɓarayi ne. A ƙasar nan ɓata suna ta intanet laifi ne mai hukunci, sai ka wayi gari kai mai gaskiya ka koma wanda ake ƙara.

In sun yarda, me zaka karɓa

Ra'ayina, kuma wasu za su ce na cika sanyi: in rahoto ya fito a gefenku kuma kamfani ya ce a yi sulhu, ku yi. Jirgi a kan galas wata da watanni ana jiran zaman kotu asara ce da ba lallai ta dawo ba, lokacin kifi na wucewa, masu saye a kasuwar kifi ta Bangala ba jiranka za su yi ba. Sabon jiki da wuya su bayar, sai in rahoto ya nuna rabuwar ta bi ko'ina, in haka ne kuwa kar ku karɓi faci. Amma in wuri ɗaya ne, gyara mai kyau yana riƙewa tsawon rayuwar jirgi.

Inda nake so ka taurare shine yadda za a yi gyaran, don a nan ake cutar mutane bayan sun ɗauka sun ci nasara. Kamfani zai ce khalas mun ɗauka, su cika tsagar da ma'ajun, kwaɓin cike rami, daga waje su fesa jelkot, ya fito yana ƙyalli, wata uku ta dawo a wuri ɗaya. Gyaran gaskiya sai an buɗe daga ciki, an wanke gishiri da ruwan daɗi, an bar wurin ya bushe har na'ura ta nuna ya bushe, wanda yakan ɗauki makonni ba kwana biyu ba, shi ya sa alkawarin mai warshan can ma bai kwanta min ba. Sannan a goge gefen tsagar a kwance, faɗin gogewar ya kai kaurin jikin sau 12 ta kowane ɓangare, in kauri milimita 10 ne a goge santimita 12 kenan, a sake gina hawa-hawa, a sake ɗaure ƙashin da ya saki. In da hali da rezin ɗin ifoksi ko binilesta, sun fi foliyesta kama tsohon faiba. In bangon baya ya sha ruwa katakon ciki ya ruɓe, sai an cire shi, babu allurar da ke tayar da ruɓaɓɓen filawud. Kuma ka ce a duba ɗaya gefen, hannun da ya yi aikin dama shi ya yi na hagu.

Duk wannan a rubuta shi kafin jirgi ya shiga ƙofarsu: me za a yi, da wane kaya, ranar da za a miƙo shi, wa ke biyan ɗagawa da kaiwa, garantin gyaran kansa na tsawon wane lokaci, da cewa sauran shekarun garantin asali suna nan basu faɗi ba. Ranar kaiwa ka cire na'urorinka da kayan kamun kifi, ka ɗauki hoton jirgin ta kowace kusurwa, su ba ka takardar karɓa. Ka sa sharaɗin za ku zo ku gani, kai da mai binciken, kafin a mayar da daɓe, don da zarar an rufe ba mai sake ganin abin da ke ƙasa. In suka miƙo maka takardar cewa ka karɓa ka yafe duk wani haƙƙi, kar Kawu ya sa hannu sai an saka jirgi a ruwa an fita da shi a ranar da teku ke da ɗan motsi, an dawo an bar shi ya kwana a marsa da famfo a kashe, da safe a buɗe a duba ko ruwa ya taru.